Injin Niƙan Jibirilu

Wallahi ko Alƙur'ani na dafa ba za ku yarda ba, amma duk unguwar Nima an san Jibirilu mai injin niƙa bai taɓa biyan lampo ba, wato haraji. A aji huɗu ya bar makaranta, wai malaman ne suka kasa biyo shi. Turawa sun tafi ba su ci kwabonsa ba, ya kuma rantse sabuwar gwamnati ma ba za ta ci ba.

Matarsa Zuera ta san halin. Sau biyu tana neman saki, sau biyu yana cewa ta fara mayar masa da sadakinsa, fam goma sha biyu. Ita ce kuwa ke tsaye kan injin tun hantsi, gari har a gira, shi yana inuwa yana dara.

Wata Talata sai ga wani dogo cikin kaki sabo fil, da littafi a hammata. Ya wuce shaguna tara bai kalle su ba, ya tsaya gaban injin. Sunansa Imoro, in ji shi, daga ofishin haraji: lampon shekara shida, a kawo ran Juma'a ko a ɗauke injin.

"Maigida, da injin nan nawa ne da sun bar shi," in ji Zuera tana kakkaɓe zane. "An ce ba sa taɓa kayan bazawara."

Jibirilu ya fashe da dariya. Dabara ta zo masa, irin wadda shi kaɗai Allah ke ba.

Ran Alhamis ya tara liman da shaidu, ya saki Zuera saki ɗaya, ya ba ta injin kyautar rabuwa, a rubuce, ya dangwala yatsa. Lissafinsa shi ne ya mayar da ita cikin idda, ba sai ya nemi yardar kowa ba. Zuera ta rufe fuska da mayafi, kafaɗunta na rawa, mata na ba ta haƙuri. Aka loda injin a kura zuwa gidan gwaggonta a unguwar Maamobi.

Ran Juma'a Imoro ya karanta takardar, ya cije leɓe.

"Ka ci wannan. Amma wata uku zan yi ina leƙawa. Ranar da na ga ta koma ɗakinka, injin ya tafi."

"Leƙa har ido ya yi maka ciwo!"

Ya kuwa leƙa. Kusan kullum sai an gan shi a Maamobi. Jibirilu ya daure, yana ba 'yan dara labarin yadda ya kayar da gwamnati.

Ranar da wata ukun suka cika ya sa babbar riga ya tafi biko. Zuera ko injin ba ta kashe ba.

"Idda ta ƙare, Malam Jibirilu. Niƙa ka kawo?"

Ya ce a ransa gara gwamnati ta ci da a ce Zuera ta ci. Ya hau motar haya ta trotro ya tafi ofishin haraji, ya tona asirin kansa tas, ya ce su je su ƙwace injin. Akawu ya buɗe littafi, bai ga sunansa ko'ina ba. Ya rubuta shi nan take: shekara shida, da tara, kuma ba fita sai ya biya.

"To ina Imoron naku?" in ji Jibirilu.

"Imoro dogo? Ai telan da ke ɗinka mana kaki ne. Jiya ma ya kawo mana goron aurensa da wata Zuera ta Maamobi."