Tebur Mai Idanu

Ramukan ne suka fara burge Lurwanu. Jere suke a fuskar katakon, zagayayyu, kowanne babban yatsa zai shige. Yana gani ya yanke hukunci cewa gurbin ado ne da ya zube.

A bayan wani ƙaramin masallaci a unguwar Mansur ya tsinto shi, jingine da bango, an rufa masa tsohuwar tabarma. A shekarun nan da ake rushe gidaje don faɗaɗa Harami, tsofaffin kaya ko'ina zube suke, shi kuwa Lurwanu ciwonsa ke nan. Da rana ya tuƙa motar kaya, da yamma ya zauna a soron gidansa yana gyaran akwatunan mutanen da, yana yanka gilasai masu launi da ya tsinto daga tagogin da aka fasa. Ya ɗora katakon a mota bai tambayi kowa ba, domin ba ya son tsayawa a Mansur.

Yana da dalili. Ranar da mahaifinsa ya rasu a unguwar, Lurwanu ya ce zai je neman mota, bai dawo ba sai da aka gama komai. Zuciyarsa ce ba ta ɗauka ba. Kawu Salihu, ƙanin marigayin, bai taɓa yi masa maganar ba, kuma wannan shirun ya fi zagi ciwo. Tun daga nan gaisuwa kawai ke haɗa su, ita ma a tsaye.

Yanzu ga matarsa Maryama da cikin fari ya tsufa. Burin Lurwanu ɗaya ne: ranar suna Kawu ya shigo gidansa da dattawan unguwa, su ci abincinsa, a daina kallonsa kamar bare. Ya ƙudurta zai tarbe su da abin da ba su taɓa gani ba.

Aikin ya ci shi. Katako ne mai nauyi, dogo, tsawon mutum har da ɗori. Ƙafafun gefe ɗaya sun fi na ɗayan gajarta, ya yi tsaki, ya ce kafintan da ya yi shi barci yake ji, ya ƙara musu tsawo. Da ya kankare shi wani ƙamshi ya taso, kafur da ganyen magarya. Ya yaba wa masu shi, ashe sun san maganin gara.

Sannan ya koma kan ramukan. Ya yanka gilas ja da kore da shuɗi, ya zagaye kowanne da dalma, ya cike su kaf, ko ɗigon ruwa ba zai wuce ba. In rana ta shigo ta taga, launuka sai su zubo kan tabarmar da ke ƙasa. Maryama ta ce yana da kyau, amma haka nan take jin ba ta son ɗora kwano a kai. Ya ce ciki ne ke sa ta.

Ta haihu, namiji. Ranar suna aka jera farantan shinkafa da rago a kan teburin, Lurwanu ya tsaya bakin ƙofa cikin farar riga. Sai ga Kawu da dattawa. Sun zo. Ya ji kamar ya yi kuka.

"Tafaddalu, ku matso, ya Kawu. Da hannuna na gyara shi."

Babu wanda ya matsa. Wani tsoho mai suna Wada ya ja da baya har ya taka takalman mutane. Wani ya soma salati ƙasa-ƙasa. Lurwanu ya ɗauka tsohon fushin ne, kunya ta rufe shi, ya rasa inda zai sa idonsa. Ya shiga bayanin yadda aka yanka gilas, babu mai saurare.

Kawu Salihu ya tako a hankali. Ya ture faranti ɗaya gefe, ya shafa katakon da tafin hannu, ya sa yatsa a kan jan gilas ya danna. Da ya ɗago, ba fushi a fuskarsa, sai tausayi.

"Lurwanu, ta nan ruwan ke zuba. Tun bayan aikin Hajji muke wankan gawa a ƙasa, muna Allah ya isa ga wanda ya ɗauke mana katako. A kansa na wanke ubanka, ranar da ka tafi neman mota."