Taku Ɗari Biyar Daga Masallaci

"Kama ka aikin hukuma ne," mai unguwa ya ce wa wani tsoho mai sayar da wiwi. "Namu sharaɗin ɗaya ne. Ka nisanci kowane masallaci da taku ɗari biyar."

Tsohon ya rataya jakarsa ya kama ƙirga taku. Kwana uku yana zaga Maigatari ba ciniki, duk inda ya tsaya sai ya jiyo ladan. Rana ta huɗu ya samu gindin aduwa a bayan gari, masu saye suka biyo shi a kan babura.

La'asar na yi, ɗayansu ya shata masallaci a rairayi. Suka yi sahu, suka waiwayo.

"Baba, kai ne babba. Shiga gaba."

Ya daɗe yana kallon shatin, sannan ya cire takalmi.