Tsohuwar da Ke Cin Tuwo Gida-Gida

To, kai da kake shirin fita aikin bishara, tsaya ka ji wannan. Wata tsohuwar malamar makaranta ce, bayan ta yi ritaya ta ba da kanta aikin sa-kai a wata 'yar majami'a ta wani ƙauye mai gidajen da ba su taka kara sun karya ba. Ta iso ana tsakiyar damina, lokacin da tsohon hatsi ya ƙare, sabo bai nuna ba. Ta zo da buhunan dawa da masu bi na birni suka tara. Ran Lahadi bayan sujada ta miƙe ta ce duk wanda rumbunsa ya yi ƙasa ya zo ya ɗiba. Kowa ya sunkuyar da kai, ba wanda ya zo. Wane magidanci ne zai saɓa buhu a gaban surukansa, a ce ya kasa ci da gidansa? Dawa na jibge har ta fara ƙwari, yara kuwa kullum sai ƙara ramewa suke a kan idonta. Abin ya ci mata rai ƙwarai, amma ta ce ba za ta koma da ƙwaya ɗaya birni ba.

Sai ta ɗaura zane, ta shiga taɓo, gida-gida. Ko'ina amsa ɗaya ce: lafiya lau, mun gode Allah. A wani gida can bakin fadama ta tarar da tukunya na tafasa a murhu, hayaƙi na tashi kamar na kowa. Amma turmi na kife a gefe, har gara ta fara cin bakinsa. Ta zauna tana jan hira, ta ƙi tashi, har tururi ya ɗaga murfi. Ganyen tafasa ne da ruwa, ko ƙuli-ƙuli babu. Matar gidan ta kau da kai, ita ma malama ta yi kamar ba ta gani ba. Washegari ta dawo da ƙwarya cike da dawa a ka, tana dafe da ƙugu. Ta ce, "Ƙanwata, ciwon bayan nan ya hana ni daka. Ki taimake ni ki riƙa tuƙa mini tuwo, kuma ni ba na iya ci ni kaɗai." Awon da take kawowa kuwa ya ishi gidan duka. Haka ta kai wa wani gida aikin kokonta, wani na furarta. Nan da nan gari ya ɗauka: baƙuwar nan akwai ci, ga son jiki. Ta ji da kunnenta, ya kuma yi mata zafi, amma ta haɗiye, gari na wayewa ta sake ɗaukar ƙwarya.

Har aka yi girbi ba gidan da ya binne yaro, ba kuma magidancin da aka nuna da baki. Mai gidan bakin fadama ya sauke mata damin farko a ƙofa, ya ce, "Mama, ga na tuwonki." Ta dube shi, ya dubi ƙasa.

Daga kan bagaden majami'a ba za ta taɓa ganin cikin tukunyar nan ba. Shi ya sa Hausawa ke cewa, zumunta a ƙafa take.