Shuɗin Hayaƙin Malama Zuwairatu

Litinin, 19 ga Agusta, 2024, Safana ta wayi gari da yayyafi marar ƙarfi, irin wanda ba ya hana kowa zuwa gona. Malama Zuwairatu na tsaye a bayan mota da laima, ta zuba wa salansa ido. Ƙanenta Rilwanu ya taka totur. Hayaƙi ya fito, siriri, shuɗi-shuɗi.

"Ka gani? Famfo na aiki."

"Na gani, Yaya. Na tuba."

Motar tasa ce. Ya saye ta ne don ja ce kuma tana da kyan goshi, sai daga baya ya gano injinta ba shi da fistin, wani ƙarfe ne mai kusurwa uku ke juyawa a ciki. Da kwamfutar motar ta ƙone, makanikan Batsari suka leƙa, suka yi salati, suka rufe bonet. Ya jawo ta gidan yayarsa saboda tana da fili. Kaji suka tare a ƙarƙashinta, 'yan gwangwan suka fara tayi, har ya ce musu su zo da guduma bayan damina.

Malama ta haura shekara ashirin tana koyar da fiziks, amma ko tocila ba ta taɓa gyarawa ba. Duk da haka kalmar guduma ta tsaya mata a rai. Ta yi odar sabuwar kwamfuta, ba ta kamfanin motar ba, daga wani dila a Kano, Alhaji Abdurrahim.

Matsalar guda ce. Irin wannan inji sai ana ɗiga masa baƙin mai a ciki yana ƙonewa tare da fetur. In aka rasa, ƙarafan bakin kusurwoyin kan cinye a doguwar tafiya ɗaya, inji ya mutu murus. Wani ɗan famfo ne ke auna man, kuma tsohuwar kwamfuta ce ke ba shi umarni.

"Ashe janareta ce mai taya," in ji Rilwanu. Ta yi masa kallon da take yi wa 'yan bencin baya.

A waya Alhaji Abdurrahim ya ce, "Hajiya, wannan kwamfutar ba ta juya famfon nan. Maza ma sun gwada."

Da bai ƙara jimlar ƙarshe ba, da wataƙila ta haƙura.

Tun da aka ba da hutun makaranta take aiki ƙofa a kulle. Ta shimfiɗa tsohuwar tabarma, ta ɗaure zani da kyau, ta bi wayoyin famfon ɗaya bayan ɗaya da mitar gwada wuta, ta ware masu juya shi da masu shaida wa kwamfuta inda ya tsaya. Kowace waya ta liƙa mata suna da rubutunta mai kyau. Bututun man ya tsufa ya yi baƙi, ba a ganin abin da ke bi ta ciki, amma ta karanta cewa shaidar mai na isa ita ce ɗan shuɗin hayaƙi. Da yake ita mai taka-tsantsan ce, ba ta yarda an tayar da injin ba sai da ta gama haɗa waya ta ƙarshe.

Fetur kuwa a jarka take sayowa wajen Daudu, mai tebur a bakin tasha. Ranar farko ya tambaya ko an sayi mashin ne. Ta hango Safana duka na jin cewa mace mai jikoki na kwanciya ƙarƙashin mota, sai ta ce, "Na janareta ne." Bai sake tambaya ba. Fetur ɗin nasa na da ɗan duhu, ta ce halin na bakin hanya ke nan, ta riƙa tace shi da tsohon kallabi.

Da ta murɗa makulli, injin ya kama, hayaƙi ya fito shuɗi. Ta shiga ɗaki ta yi sujada, ta fito ta sake murɗawa. Sati biyu tana zagaye tsakar gida da motar, hayaƙin bai taɓa saɓa mata ba.

Yau Rilwanu zai tafi ɗaurin aure Zariya da motar, ta ce ya fara kai ta Batsari. A gidan mai ta sa aka cika tanki, wanda dama ta bari ya kusa ƙafewa don kada tsarkakakke ya gauraya da gurɓatacce.

"Daga yau kada ka ƙara zuba mata na bakin hanya. Kana ji na?"

"Ko ɗigo, Yaya."

Ya sauke ta a gidan waya, ya ɗaga mata hannu, ya ba motar wuta.

Wasiƙa ce za ta aika wa Alhaji Abdurrahim. Da ta so, saƙon waya ya isa, amma ta fi son abin da zai riƙe a hannu. Ta zana masa yadda ake haɗa wayoyin, ta ba shi izinin koya wa abokan sana'a. A ƙasa ta rubuta, "A gaida mazan da suka gwada." Sau biyu tana gogewa tana mayarwa. Ta liƙa kan sarki, ta jefa a akwati, ta ji wani sanyi a ƙirji wanda ko ranar karɓar digiri ba ta ji ba.

Ta dawo Safana bayan la'asar ta tarar babu wuta. Yau kam da gaske janaretan ke buƙata, ga shi galan ɗin baƙin man da take auna masa da kanta ya tafi a but ɗin mota. Ta ɗauki jarka ta nufi tasha.

"Daudu, yau taimako za ka yi, ka haɗa mini da baƙin mai. Nawa ya yi tafiya."

Daudu ya ɗora mazurari yana murmushi.

"Haba Malama, sai kin faɗa? Ai tun ranar da kika ce na janareta ne, ban taɓa ba ki marar haɗi ba."