Sammacin da Abdulbaƙi Ya Guje wa

Kwana ashirin ke nan Abdulbaƙi na ɓoye a garken kawunsa bayan ƙauyen Kaikai, waya a kashe. Ya banke wani rago da babur a kasuwar Kusada, ya tsere. Washegari sai ga masinjan kotu da sammaci. Bai tsaya an karanta masa ba, ya haure katanga.

Barci ya ƙaurace masa. Da abin ya ishe shi, ya ce gara ɗauri da wannan zama, ya kai kansa kotu, ya zube.

"Ranka ya daɗe, ni na kashe ragon. A yi mani sassauci."

Magatakarda ya ɗago kai. "Wane rago? Ba wanda ya yi ƙararka. Yayarka Khairiyya ce ta sa ka shaida kan gonar marayunta da ake son ƙwacewa. Sau uku ana ɗage zama dominka. Ɗazu aka yanke hukunci, gona ta tafi."

A bakin ƙofa ya iske ta, goye da autarta. Ko hawaye babu.

"Abdulbaƙi, cikin waɗanda marigayi mijina ya sayi gonar a gabansu, kai kaɗai ka rage da rai."