Dutsen da Ba Shi da Rajista

Shekara goma ke nan da aka sa wa komai kunne da baki. Malama Kubura ta rubuta "mutuntarwa" a allo.

"Wato marubuci ya ba abu marar rai halin mutum. Misali, bango yana saurarenmu."

Wata ɗaliba, Ummita, ta ce, "Ai yana saurare, Malama."

"To, ƙofa ta gaishe ni."

"Kullum ma tana gaishe ki."

Malama ta zaro ɗan dutsen rafin garinsu daga jaka. "Dutse ya yi kuka."

Idon Ummita ya ciko da ƙwalla.

Bango ya yi gyaran murya. "Malama, wannan abin ba shi da rajista. Wa yake kai wa labari?"

Ƙofa ta kulle kanta, ba gaisuwa.