Wanda Ya Kashe Alƙali

Shekara uku ina jiran sabon littafin Kulu Dambatta, mai labarin kisan alƙali. Amma tun da aka kafa dokar hana faɗuwar gaba, mai shago ba ya miƙa littafi sai mai saye ya san ƙarshensa.

Na toshe kunnuwana da auduga, na bi layi. Malam Tanko mai shago ya nuna na'urar teburinsa mai faɗar ƙarshen littafi, ya rubuta mini: "Hajiya, sai kin maimaita da bakinki."

"Wallahi ba zan ji ba! Zuciyata ce ko ta masu dokar?"

Matar bayana ta yi tsaki, ta fizge audugar. "Magatakardan alƙalin ne ya kashe shi, baiwar Allah. Matsa mana!"

Na maimaita ina huci. Na'urar ta yi mini barka da tsira.